Bargery Mai Ƙamus: Rayuwarsa da Hidimarsa ga Kalmomin Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi ko da shekara guda a Sashen Hausa, da wuya a ce malami bai taɓa tura shi wajen Bargery ba. Idan gardama ta tashi a kan ma'anar wata kalma, ko jam'inta, ko harshen da aka aro ta daga gare shi, abin da akan ce shi ne a je a duba Bargery. Sunan ya bi littafin har ya zama nasa, ana mantawa da cewa sunan mutum ne wanda ya zauna cikin Hausawa shekaru masu yawa yana sauraron bakinsu. Wannan maƙala za ta bi rayuwar mutumin daga haihuwa zuwa rasuwa, ta kuma yi ƙoƙarin nuna inda babbar darajar aikinsa take, watau yadda ya rubuta kalma kamar yadda ake faɗinta a kowace ƙasa ta Hausa, bai tsaya ga Kananci kaɗai ba. Da irin wannan tari ne masu nazarin ƙirar kalma da asalinta suke samun abin kafa hujja. Za a kawo misalai daga Hausar yammacin Katsina, wadda ake ji a ƙasashen Batsari da Safana, domin ta riƙe tsofaffin siffofin kalmomi da dama waɗanda Daidaitacciyar Hausa ta saki.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi George P. Bargery ran 1 ga watan Oktoba 1876 a birnin Exeter, cikin lardin Devon, a kudu maso yammacin Ingila. A garin ya yi karatunsa na farko, daga nan ya tafi Landan, ya shiga Kwalejin Islington, inda ƙungiyar mishan ta C.M.S. take horar da waɗanda za ta aika ƙasashen waje. Ya kuma yi karatu a Jami'ar Landan. Cikin 1899 aka naɗa shi limamin coci.

Ingilar da ya tashi a cikinta ta dukufa a kan nazarin tarihin kalmomin harshenta. W. W. Skeat ya kammala ƙamusunsa na asalin kalmomin Ingilishi cikin 1882. Babban ƙamusun Oxford, wanda James Murray ya shugabanci aikinsa, ya fara fita kashi-kashi cikin 1884, ba a gama shi ba sai 1928, shekara goma sha uku bayan mutuwar Murray. Tsakanin 1898 da 1905 kuma Joseph Wright ya fitar da ƙamus mai juzu'i 6 na kare-karen harshen Ingilishi, wanda ya tara maganar manoma da masunta da makiyayan ƙauyukan Ingila. Masanan wannan zamani sun riga sun yarda cewa kalmar bakin ɗan ƙauye tana da amfani ga mai bincike daidai da kalmar cikin littafi, wani lokaci ma ta fi ta tsufa. Wannan ra'ayi ne ya bayyana daga baya a ƙamusun da Bargery ya yi wa Hausa.

Zuwansa Ƙasar Hausa

Da shigowar ƙarni na 20 ƙungiyarsa ta aiko shi Nijeriya ta Arewa, a daidai lokacin da Turawan Ingila suke ƙoƙarin kafa mulkinsu. Kano da Sakkwato ba su faɗa hannunsu ba sai 1903. Ya yi aiki tare da Dokta Walter Miller, wanda ya kafa mazaunin mishan a cikin birnin Zariya cikin 1905. Aikin da ya kawo su bai yi nisa ba a ƙasashen sarakunan Musulmi, domin jama'a suna riƙe da addininsu, gwamnatin Lugard kuma ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa shi ba, saboda haka ta taƙaita zirga-zirgar 'yan mishan. Abin da Bargery ya samu a waɗannan shekaru shi ne harshe. Ya koyi Hausa a bakin masu ita, a kasuwa da zaure da kan hanya.

Cikin 1910 rashin lafiya ta tilasta masa komawa gida. Bayan shekara biyu ya dawo, amma wannan karo a matsayin ma'aikacin Sashen Ilmi na gwamnati, wanda Hanns Vischer, da Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya kafa harsashinsa da makarantar Nassarawa a Kano cikin 1909. An tura Bargery ƙasar Tibi, inda ya buɗe makarantar gwamnati. Zama cikin masu wani harshe dabam, wanda shi ma karin sauti yake bambanta ma'anar kalmominsa, ya ƙara wa kunnensa kaifi.

Aikin Ƙamus

Cikin 1921 Gwamnan Nijeriya, Sir Hugh Clifford, wanda ya buɗe Kwalejin Katsina a shekarar da ta biyo, ya ɗora wa Bargery aikin shirya cikakken ƙamus na Hausa. Ba shi ne farkon wanda ya gwada ba. J. F. Schön ya buga nasa cikin 1876, shekarar da aka haifi Bargery, ko da yake shi bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba. C. H. Robinson ya fitar da nasa tsakanin 1899 da 1900, Bajamushe Adam Mischlich kuma ya biyo cikin 1906. Waɗannan sun yi amfani a zamaninsu, amma kalmominsu ba su da yawa, kuma mai karatu ba ya iya sanin yadda zai furta kalma daidai daga yadda suka rubuta ta.

Bargery ya zauna a Kano, ya tara malamai Hausawa, suna bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma zazzaga sauran ƙasashen Hausa domin ya ji yadda ake faɗin abu a can. Aikin tari da tacewa ya ci kusan shekara goma. A ƙarshensa gwamnati ta ba shi aron wani jami'inta mai kaifin kunne, R. C. Abraham, wanda ya taimaka masa na wani lokaci. Cikin 1934 maɗaba'ar Jami'ar Oxford, wadda ta gama buga babban ƙamusun Ingilishi shekara shida kafin nan, ta fitar da littafin da sunan A Hausa-English Dictionary and English-Hausa Vocabulary. Yana da shafi fiye da 1,200 da kalmomi kimanin 39,000. Farfesa Diedrich Westermann na Balin ya rubuta bayani a farkonsa game da Hausawa da harshensu. Matar Bargery ta fari, wadda ya aura cikin 1906, ta rasu cikin 1932, ba ta ga fitowar littafin ba.

Abin da Ƙamusun ya Ƙunsa

Abubuwa huɗu suka bambanta wannan ƙamus da na gabansa. Na farko, ya nuna tsawon wasali da karin sautin kalma. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna waɗannan, saboda haka kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya ne, haka nan fari na launi, da fari na rashin ruwan sama, da fari masu cin amfanin gona, da fari na farko. Bahaushe yana rarrabe su da kunne ba tare da tunani ba, amma baƙo da mai nazari suna bukatar alama. Na biyu, ya ba da jinsin suna da jam'insa, kuma idan suna yana da jam'i fiye da ɗaya, kamar karnuka da karnai, ko dawaki da dawakai, yakan kawo su. Na uku, yakan nuna harshen da kalma ta fito idan ta aro ce, musamman Larabci da Ingilishi. Na huɗu, yakan sa alamar ƙasar da ake faɗin kalma, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Gobir, ko Zazzau, ko Daura, ko Haɗeja, ya kuma tura mai karatu ga takwararta ta Kano.

Bayan waɗannan, ya tara karin magana da kirari da sunayen itatuwa da ciyayi da cututtukan mutum da na dabba da kayan sana'o'i. Yakan jera kalmomi masu kusancin ma'ana a ƙarƙashin kalma guda, har a ƙarƙashin ƙato aka sami ɗaruruwan kalmomi masu nuna girma. A wajen rubuta baƙaƙen nan uku masu ƙugiya kuwa, ya yi amfani da alamar ɗauri a gefen baƙi, domin ɓ da ɗ da ƙ ba su zauna a rubutun Hausa na Nijeriya ba sai ƙarshen shekarun 1930, a zamanin R. M. East da Hukumar Talifi ta Zariya.

Karin Harshe da Tarihin Kalma

Domin a gane amfanin abu na huɗu, ya kamata a kwatanta halin mai binciken asalin kalmar Ingilishi da na mai binciken ta Hausa. Na Ingilishi yana da rubuce-rubuce na fiye da shekara 1,000 a gabansa, yana iya bin kalma daga ƙarni zuwa ƙarni ya ga yadda ta sauya. Ko rubutun Ingilishi na yau ma yana ɗauke da tsohon furuci. Baƙin farko na kalmar knife, watau wuƙa, ba a furta shi, amma da can ana furtawa, rubutu ya riƙe shi bayan baki ya sake shi. Hausa ba ta da wannan gata. Mafi yawan rubutun ajamin da ya wanzu na ƙarni na 19 ne zuwa gaba, boko kuwa na ƙarni na 20 ne, kuma an shirya shi ne ya bi furucin zamaninsa. Saboda haka tsohuwar siffar kalmar Hausa a wuri biyu ake nemanta: a cikin 'yan'uwan kalmar, watau jam'inta da sauran kalmomin da aka ƙera daga saiwarta, da kuma a cikin kare-karen harshen. Ƙamusun Bargery ya tanadi duka biyun.

Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna cikin 1928 cewa wasu baƙaƙen Hausa sun yi rauni a ƙarshen gaɓa. Baƙin k yakan koma u. Da wannan ake gane dangantakar talaka da talauci, da sarakuna da sarauta, da ɓakane da ɓauna. Baƙin t yakan koma r, shi ya sa jam'in farke ya zama fatake, sana'ar kuma fatauci, inda sauyi biyun suka haɗu a gida ɗaya: saiwar tana da t da k, tilo ya raunana na farko, sunan sana'a ya raunana na biyu, jam'i ya riƙe su duka. Haka nan jam'in doki, watau dawaki, yake tona cewa akwai w a saiwar, wanda ya narke a cikin tilo.

Kashi na uku na wannan sauyi ya shafi baƙaƙen leɓe, watau b da f da m, kuma shi ne bai game ƙasar Hausa duka ba. A Kano sun koma u, a yamma sun tsaya. Batsari, mazaunin Sarkin Ruma, da Safana, mazaunin Yariman Katsina, suna gefen yamma na ƙasar Katsina, wajen dajin Rugu da iyakar Zamfara, kuma Hausarsu tana cikin waɗanda suka riƙe tsohon baƙi. Dattijon da ya ce zamna, da sabro, da abduga, da amre, a inda Bakano zai ce zauna, da sauro, da auduga, da aure, tsohuwar siffa yake furtawa. Hujjar tana cikin Kananci kansa, domin Bakano yana cewa zama, da m ɗinsa, sai a zauna ne ya sake shi. Haka nan kalmar ɗiya, wadda ake ji a yamma, ita ce mafarin 'ya ta Daidaitacciyar Hausa: wasalin farko ya faɗi, ɗ da y suka haɗe suka ba da baƙin da ake rubutawa 'y. Wanda bai san ɗiya ba zai sha wuya kafin ya gane abin da ya haɗa ɗa da 'ya, alhali kuwa namiji da mace ne na kalma ɗaya.

Akwai wasu siffofin kuma na wannan yanki, kamar hw a gurbin f a hwara da hwaɗi, da shi a gurbin sa a gidanshi, da nannage baƙi a mahaɗin mace, kamar rigas sarki. Ba kowace siffar yamma ce ta fi ta Kano tsufa ba, domin kowane kari yana da abin da ya riƙe da abin da ya sauya. Amma sai an ajiye su gefe da gefe ake sanin wanne ne ya riƙe, wanne ya sauya. Da Bargery ya ɗauki zamna da abduga a matsayin kuskuren 'yan ƙauye ya zubar, da masu nazarin da suka biyo baya sun rasa shaidu masu yawa.

Kalmomin Aro

Alamar asali da ya sa wa kalmomi ta zama tushen wani fannin bincike. Kalmomin Larabci da yawa sun shigo Hausa tare da al ɗinsu, kamar alƙali da alƙalami da albasa. A wasu kuma wasalin farko ya faɗi, l ta saura, kamar liman da lahira da labari da littafi. Cikin 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa wasu kalmomin ta hannun Barebari suka iso, daga cikinsu har da karatu da rubutu da kasuwa. Sarautu irin su galadima da ciroma da yarima daga Barno suke, saboda haka sarautar hakimin Safana kanta tana ɗauke da tarihin hulɗar Katsina da gabas. Daga Buzaye aka sami raƙumi da takobi da ayari da takarda. Ita takarda, idan aka bi ta baya, tana komawa ga kalmar Latin da Girkanci mai nufin abin rubutu, wadda ita ce kuma ta haifi kalmar Ingilishi da Hausa ta sake ara a siffar kati. Ke nan kalma ɗaya ta shigo Hausa sau biyu, sau ɗaya ta hamada a kan raƙumi, sau ɗaya ta teku a cikin jirgi.

A zamanin Bargery ne kalmomin Ingilishi suka fara kwararowa, ta barikin soja da ofishin Razdan da tashar jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano cikin 1911. Hausa ba ta karɓe su yadda suka zo ba, sai da ta sa su cikin ƙirarta. Tun da gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, sai a raba su da wasali, kamar a burodi da direba da sukuru, ko a yar da ɗaya, kamar a tasha. Tun da kuma yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, sai a ƙara shi, kamar a joji da benci. Sunayen kuɗi irin su kwabo da sisi da sule da fam duk ta wannan hanya suka shigo. Da kalma ta zauna, sai ta ɗauki jinsi da jam'i da ɗafi irin na gida: mota ta zama mace saboda ta ƙare da a, jam'inta motoci, likita ya ba da likitoci da likitanci, soja ya ba da sojoji.

Misali mafi ban sha'awa shi ne canji. A Hausa z takan koma j a gaban i, kamar a ciza da ciji. Da Hausawa suka ari canji, sai suka ji j ɗinsa kamar irin wannan ce, suka koma baya suka ƙera aikatau canza, da z wadda babu ita a kalmar Ingilishin. Masana Ingilishi sun san irin wannan ƙira ta komawa baya a harshensu, inda akan cire abin da aka zaci ɗafi ne daga suna a sami sabon aikatau. Wannan yana nuna cewa dokokin ƙirar kalma suna aiki a bakin mai magana ko bai san sunansu ba, kuma kalmar aro da ta bi su ta zama 'yar gida.

Shekarunsa na Ƙarshe

Bayan da ya bar aikin gwamnati, Bargery ya koyar da Hausa a Makarantar Nazarin Harsunan Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, inda jami'an mulki masu shirin zuwa Nijeriya ta Arewa suka bi ta hannunsa. Cikin 1937 jami'ar ta ba shi digirin dokta saboda ƙamusun. Ya yi ritaya cikin 1947. Matarsa ta biyu ta rasu cikin 1952, a shekarar da ta biyo kuma, yana da shekara kusan 77, ya komo Kano domin ya shugabanci sabunta fassarar Linjila cikin Hausa, aikin da ya mayar da shi ga abin da ya fara kawo shi ƙasar. Ya koma Ingila cikin 1957, shekarar da aka ba shi lambar girma ta O.B.E. Ya rasu ran 2 ga watan Agusta 1966 a garin Tring, a gidan ɗansa, saura wata biyu ya cika shekara 90.

Waɗanda suka biyo shi a kan aikinsa suka yi gini. Abraham ya fitar da nasa ƙamus cikin 1949. F. W. Parsons, wanda ya koyar a makarantar da Bargery ya bari, ya tsara aikatan Hausa giredi 7 cikin 1960, ya nuna cewa saya da saye da sayo da sayar da sayu saiwa ɗaya ce da ƙarshe dabam-dabam, kowane ƙarshe da irin ma'anar da yake ƙarawa. Cikin 1977 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta fitar da sabon ƙamus na hannun Paul Newman da Roxana Ma Newman. Cikin 1993 maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga Bargery tare da ƙarin kalmomi na A. N. Skinner, daga baya kuma aka sa shi a intanet.

Inda Aikin ya Gaza

Adalci ya wajabta a faɗi gazawar aikin. Ƙamusun an yi shi ne domin Turawa masu mulki da masu wa'azi, bayaninsa duk da Ingilishi yake, saboda haka malaman zaure da manoma da maƙeran da aka kwaso kalmomin daga bakinsu ba su iya karanta shi. Sai cikin 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da babban ƙamus mai bayyana Hausa da Hausa. Sunan Bargery kaɗai ne a bangon littafin, alhali kuwa babu Baturen da zai tara kalmomi 39,000 da karin sautinsu ba tare da Hausawa masana sun zauna da shi shekara da shekaru ba. Irin wannan rashin adalci ya fi fitowa fili a ƙamusun Abraham, wanda bugun farko yake ɗauke da sunan Malam Mai Kano, amma bugu na biyu na 1962 ya fita da sunan Abraham shi kaɗai. Ta fuskar ilmi kuma, masana na baya sun gyara masa tsawon wasalin ƙarshe a kalmomi da dama, sun kuma gano asalin kalmomin da bai sa wa alama ba.

Akwai wata gazawa da ta fi shafar ɗaliban Katsina. Alamar Katsina a ƙamusun ta haɗe ƙasar duka wuri ɗaya, ba ta bambanta maganar cikin birni da ta ƙasar Ruma ko ta gefen dajin Rugu ba, balle ta Katsinawan Maraɗi a hayin iyaka. Duk wanda ya san ƙasar ya san ba bakinsu ɗaya ba ne. Wannan aikin rarrabewa yana nan yana jiran masu yi.

Kammalawa

Shekaru fiye da 90 sun wuce tun fitowar ƙamusun, kuma abubuwan da suke shafe bambancin kari sun ƙaru. Makaranta da rediyo da finafinan Kano da wayar hannu duk Hausa iri ɗaya suke kai wa kunnen yaro. Yaron da ya ce zamna a aji akan yi masa dariya, sai ya daina, ƙanensa kuma ya tashi bai ji ta ba. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a Batsari da Safana cikin 2019 da shekarun da suka biyo sun tayar da ƙauyuka, suka warwatsa dattawa zuwa garuruwa. Asarar rayuka da dukiya ita ce babba, babu abin da ya kai ta. Amma tare da ita akwai wata asarar da ba a lissafawa, domin idan ƙauye ya watse, sunayen gonakinsa da fadamunsa da ciyayinsa da kalmomin sana'o'insa sukan watse tare da shi.

Bargery baƙo ne, ya zo da wata manufa, ya kuma yi aikinsa a ƙarƙashin mulkin mallaka. Duk da haka ya bar hanya madaidaiciya: a saurari kalma, a rubuta ta yadda aka faɗe ta, a nuna karin sautinta da jinsinta da jam'inta, a faɗi garin da aka ji ta. Ɗalibin Sashen Hausa da ya fito daga Batsari ko Safana ya fi shi kayan aiki, domin Hausar da ake nema ita ce ta gidansu. Idan irin wannan ɗalibi ya ɗauki kundin digirinsa a kan kalmomin noma ko kiwo ko ƙira na ƙasarsu, ya gwada su da abin da ke cikin ƙamusun 1934, ya ware waɗanda suka shiga da waɗanda ba su shiga ba, ya kuma rubuta sunayen dattawan da suka ba shi da yardarsu, to, ya cike giɓi biyu da Bargery ya bari, na wuri da na masu kalmomin.